Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Za Mu Ƙayyade Yawan Aikin da Muke Riƙewa a Lokaci Guda

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, mun rubuto ne don mu sanar da ku wani canji da zai fara aiki a maɗaba'armu daga farkon wata mai kamawa. Mun ga gara ku ji shi daga bakinmu, tare da dalilinsa, kafin wani ya iso da aikinsa a ce masa ba za a taɓa shi ba sai ranar kaza.

Ga canjin. Za mu ƙayyade yawan ayyukan da za su kasance a hannun ma'aikata a lokaci guda. Idan adadin ya cika, sabon aiki ba zai shiga ɗakin injuna ba sai wani ya fita. Za mu karɓi aikinku, mu sa shi a layi, mu faɗa muku ranar farawa da ranar gamawa, amma hannu ba zai kai gare shi ba sai lokacinsa ya yi.

Mun san maganar ba za ta yi daɗin ji ba. Wanda ya kawo aiki yana so ya ga an ɗauka an fara, ko da shafi ɗaya ne aka buɗe a kwamfuta, hankalinsa ya kwanta. Mu ma babu wanda yake jin daɗin ce wa mai kawo ciniki ya dakata. Sai dai fara aiki daban, gama shi daban, kuma gamawar ce ta kawo ku wurinmu.

Akwai wata ƙa'ida da wani masanin lissafi ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar da ita a 1961, kuma ba ta da wuyar ganewa. Daɗewar aiki a wuri ta danganta da abu biyu: yawan ayyukan da ke ciki, da yawan waɗanda ake gamawa a rana. A raba na farko da na biyu, amsa ta fito. A ce wuri yana gama aiki 10 a rana, kuma akwai aiki 60 da aka fara ba a ƙarasa ba. To kowane aiki zai yi kamar kwana 6 kafin ya fita. Idan aka rage na hannu zuwa 30, da ma'aikatan nan da injunan nan, kwana 3 ne. Ba a sayi inji ba, ba a ɗauki ma'aikaci ba, ba wanda ya kwana a wurin aiki.

Mai hankali zai ce, to ai jiran ne kawai kuka fitar daga ciki kuka kai waje. Yana da gaskiya, amma rabinta. Da jiran duk iri ɗaya ne, da ba mu ɓata muku lokaci da wannan wasiƙa ba.

Aikin da yake jira a layi ba a yanka masa takarda ba, ba a zuba masa tawada ba. Kuna iya canza ra'ayi, ku ƙara shafi ko ku rage adadi, ba asarar kowa. Idan ranar da muka ba ku ta yi muku nisa, kuna iya ɗaukar kayanku ku kai wani wuri tun da sauran lokaci, kuma ba za mu ji haushi ba. Wanda aka fara masa aiki aka ajiye a tsakiya ba shi da wannan 'yancin. Ba ya iya tafiya, ba a kuma gama masa ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma sai wanda ya tsaya kusa da inji yake ganinsa. Duk lokacin da aka sauke wani aiki a tsakiya don a ɗora wani, sai an wanke tawada, an cire faranti, wato ƙarfen da ke ɗauke da rubutun da za a buga, an sa wani, an daidaita girman takarda, an buga 'yan gwaji har launi ya zauna. Idan aka dawo kan na farko, a sake yin duk wannan daga tushe. Lokacin nan ba ya shiga aikin kowa, takardun gwajin ma kwandon shara suke tafiya. Wurin da ya tara ayyuka da yawa a buɗe, kowane mai aiki yana kira yana tambayar nasa, dole ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan don ya kwantar wa kowa da hankali, kuma kowane tsalle yana cin wani yanki na ranar. Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Idan aka rage tsallen, yawan abin da ake gamawa a rana ya ƙaru, layin waje ma ya yi saurin tafiya.

Ta yaya muka tsayar da adadin? Ba da injin bugawa muka auna ba. Wani masanin kimiyya ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, ya yi suna da wani littafi da ya fitar a 1984 kan wannan batu: a kowane jerin aiki akwai mataki ɗaya da ya fi sauran nawa, kuma shi yake yanke yawan abin da wurin zai iya fitarwa. Duk saurin da aka ƙara a wani mataki daban, kaya ne kawai za su taru a gaban mai nawan. A wurinmu wannan mataki shi ne teburin ƙarasawa, inda ake naɗe takardu, a jera, a ɗinke, a manna bango, a yanke gefe. Inji yana iya buga cikin awa ɗaya abin da teburin nan zai wuni yana fama da shi. Saboda haka ƙarfin teburin ne zai faɗi yawan aikin da za mu buɗe. Wata rana za ku shigo ku tarar babban inji a kashe, mai kula da shi yana can yana taya ɗinki. Kada ku ɗauka aiki ne babu, ko lalaci ne. Haka aka tsara.

Yadda za mu riƙa lura da shi kuwa, allo ne za mu kafa inda kowa zai gani, a raba shi gida-gida: layin jira, tsara shafi, amincewar mai aiki, bugawa, ƙarasawa, sai wanda ya kammala. Kowane aiki yana da katinsa, kowane gida yana da iyakar katin da zai ɗauka. Dabarar ta samo asali ne daga kamfanin Toyota na Japan, inda wani injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya gina ta a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanin ba shi da jarin da zai tara kaya jibgi a sito. Abin da ya kafa shi ne, mataki na gaba ne yake neman kaya daga na baya idan ya shirya, ba na baya ne yake turo masa ba. Mu dai ba masana'antar mota ba ne. Su abu iri ɗaya suke maimaitawa dubbai, mu kuwa kowane aiki da kamarsa, wani ƙaramin kati, wani littafi mai kauri. Abin da ya dace da mu kawai muka ɗauka.

Sai maganar rana, wadda muka san ita ta fi damun ku. Daga yanzu ranar da za mu ba ku za ta fito ne daga littafin da muke rubuta lokacin da ayyuka irin naku suka ɗauka a baya, ba daga abin da zuciya take fata ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana a 1979 cewa mutum yakan rage tsawon lokacin da aikinsa zai ci, ko da ya sha ganin irin aikin ya wuce lokaci. Ba ƙananan wurare kaɗai abin yake kamawa ba. Shahararren gidan wasan nan na birnin Sidni a Ostiraliya an fara gina shi a 1959 da shirin gamawa a 1963, ba a buɗe shi ba sai 1973. Don haka ranar da za ku ji daga gare mu wataƙila ta fi wadda kuka saba ji nisa, wataƙila ma wani ya yi muku alkawarin wadda ta fi kusa. Tamu dai ita ce wadda muke da hujjar cikawa.

Aikin gaggawa ba mu rufe masa ƙofa ba. Mun ware masa gurbi ɗaya a allon, idan yana buɗe ku samu, idan ya cika sai aikin da ke ciki ya fita. Muna roƙon tsofaffin abokan cinikinmu, waɗanda muka daɗe tare kuma muke jin nauyinsu, su yi mana haƙuri a nan. Duk aikin da aka yi wa alfarma ya tsallake layi, wani ne aka tura baya, wanda shi ma an ba shi rana, ba ya nan kuma balle ya yi magana.

A ɓangarenku abu ɗaya muke nema. Kati ba zai kai gidan bugawa ba sai kayan aikin sun cika: rubutu da hotuna sun iso, an biya kafin alƙalami, kuma kun duba samfurin kun sa hannu. Ku duba shi a natse, musamman sunaye da lambobi da kwanan wata, don a nan kuskure ya fi ɓuya, ido yana wucewa ta kansu don yana ganin ya san su. Gyaran da ya zo kafin sa hannu ba ya cin komai. Wanda ya zo bayan an yi faranti zai mayar da katin baya, kuma za mu faɗa muku sabuwar rana nan take.

Ba mu ce mun gano maganin komai ba. Gwaji ne na wata uku, bisa hanyar da wani masanin ƙididdiga ɗan Amurka, W. Edwards Deming, ya koyar da masu masana'antu a Japan tun daga 1950: a tsara, a gwada, a duba sakamako, a gyara, a sake zagayowa. Abu biyu za mu riƙa ƙirgawa, ayyuka nawa suka fita a ranar da aka yi alkawari, da kuma nawa aka sake bugawa. Ƙarshen kowane wata za mu liƙa alƙaluman kusa da allon, ko sun yi mana kyau ko ba su yi ba. Idan iyakar ta yi tsauri mu sassauta, idan tsarin bai amfane ku ba mu ajiye shi. Deming ya sha nanata cewa yawancin matsalolin wurin aiki daga tsari suke, ba daga ma'aikaci ba, kuma mun yarda da shi. Saboda haka idan wani abu ya ɓata muku rai, kada ku sauke shi a kan wanda kuka tarar a kanta. Ku nemi manaja, ku gaya masa a wane gida na allon katinku ya maƙale, shi zai bi sawu.

Ayyukan da muka riga muka karɓa kafin farkon wata suna nan a kan ranakun da aka ba su, sabon tsarin bai shafe su ba. Wanda kuma yake da babban aiki a gaba, ya sanar da mu tun yanzu ko da kayan ba su haɗu ba, mu riƙe masa wuri a layi.

Mun gode da cinikinku da haƙurinku. Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Manaja, a madadin dukkan ma'aikatan maɗaba'a