Zuwa Ga Babana, Kan Ramanujan Da Ka Kafa Mini Hujja Da Shi

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Sakamakon jarrabawarka ya iso. Lissafi kam sai sam barka, amma Turanci da sauran darussa sun sha ƙasa. Da na yi maka magana a waya sai ka ce ai Ramanujan, shahararren masanin lissafin nan na Indiya, shi ma ya faɗi jarrabawa. Na yi shiru ne don kada mu yi ta ja-in-ja Ummanka na ji. Ga amsata.

Gaskiya ne, ya faɗi. Yana ɗan shekara 16 a Kumbakonam, kudancin Indiya, ya samu littafin wani Bature mai suna Carr, cike da dubban ƙa'idojin lissafi kusan babu bayani, ya duƙufa yana warware su shi kaɗai. Ya watsar da sauran darussa, aka janye masa tallafin karatu, ya koma Madras ya sake faɗuwa. A nan ka ajiye labarin. Ba ka faɗi shekarun da ya yi yana gararamba ba, babu takardar shaida, babu aiki, ga mata an aura masa a 1909. Takarda ta fi ƙarfinsa, a kan allo yake lissafi yana gogewa da gwiwar hannu, sakamako kawai yake kwafewa a littafi. Sai a 1912 ya samu aikin akawu a tashar jiragen ruwa ta Madras, albashinsa rufi 30 na kuɗin Indiya a wata.

Kuma bai zauna jiran a gano shi ba. Ya aika wa masana biyu na Cambridge takardunsa, ba su kula shi ba. A Janairun 1913 ya rubuta wa G. H. Hardy, wani babban masanin lissafi a Cambridge. Da wane harshe kake zaton ya rubuta? Da Turancin nan da ka raina. Hardy ya yi mamaki ƙwarai, amma abin da ya nema a amsarsa shi ne hujjoji. Da Ramanujan ya isa Ingila a 1914, duk baiwarsa sai da ya zauna aka nuna masa inda ya kuskure a lissafin lambobin da ba sa rabuwa, ya kuma karɓi gyara.

Na san kana son labarin motar haya mai lamba 1729, wadda Ramanujan ya ce ita ce mafi ƙanƙantar lamba da ake samu ta hanya biyu idan aka haɗa lambobi biyu irin su 1×1×1 da 12×12×12: wato 1 da 1728, ko kuma 9×9×9 da 10×10×10, wato 729 da 1000. To ka tuna a gadon jinya ya faɗi haka. Ba ya cin nama, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga sanyi, shi ke girka wa kansa idan ya tuna da ci. An zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, a 1918, ya koma gida a 1919, ya mutu 26 ga Afrilu 1920 yana da shekara 32. Takardun da ya rubuta a shekararsa ta ƙarshe sai a 1976 wani masanin lissafi mai suna George Andrews ya tsinto su a ɗakin karatun kwalejin Trinity ta Cambridge. Ɓangaren rashin cin abinci da jinyar nan ne ke hana ni barci, don ƙanenka ya ce sau ɗaya kake cin abinci a rana.

Na tura kuɗin sake jarrabawar, ka yi rajista kafin Juma'a. Littafin nan da kake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, ka kai wa malaminka na lissafi ya duba, ko da zai cika shi da jan biro. Ummanka ta ba direba dambun nama da yaji, ka kira ta idan sun iso.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.