Wasiƙa kan jakunanmu da masu kula da su

Sakkwato.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da karatu, da sanyin Ingila. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hunturu ya shigo da ƙurarsa, masu albasa sun duƙufa a fadama, su Inna kuma suna gaishe ka da kyau.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta labarin ziyarar da kuka kai gidan jakunan nan na Sidmouth. Ka ce mamaki ya kama ka da ka ga jaki da asibitinsa, da likitansa, da mai duba masa haƙora, har ka tambaye ni ko wannan ba almubazzaranci ba ne alhali ga mutane nan suna kwana da yunwa. Na fahimci abin da ya sa ka faɗi haka. Amma ban yarda da kai ba, kuma ina so in gaya maka dalilina a tsanake, don abin ya shafe mu nan fiye da yadda ya shafi Turawan da ka gani suna shafa kan jaki.

Ƙungiyar da ka ziyarta, The Donkey Sanctuary, wata mata ce mai suna Elisabeth Svendsen ta assasa ta. A 1969 ta sayi jakarta ta farko, daga nan ta riƙa sayen waɗanda ta gani a wulaƙance a kasuwa tana jinyarsu. A 1974 wata tsohuwa ta rasu ta bar mata wasiyyar jakuna 204, abin ya fi ƙarfin gida ya zama hidima sosai. Ita ma ta rasu a 2011, aikin bai tsaya ba. Wannan gonar da ka gani fuskar aikin ce kawai. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda suke yi a ƙasashen da jaki ke neman wa mutum abinci, irin su Habasha, inda suke koya wa masu jakuna da ma'aikatan dabbobi yadda ake gyara kofato, da wanke miki, da ɗinka shimfiɗar da ba ta cin baya.

Kai ɗan Sakkwato ne, ba sai na kwatanta maka ba. Ka tuna ayarin masu itace da ke shigowa gari da sassafe, da masu ɗibar yashi daga gulbi, da mangalar taki da ake kaiwa gona kafin damina. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota da na babur ya yi wa ɗan ƙauye nisa, jaki ya sake zama abin dogaro. A gidan da babu jaki, wa ke ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa? Mace ce da 'yarta. Yarinyar da ke bin hanyar rijiya da jarka a ka ba ta zuwa makaranta a kan lokaci. Shi ya sa in aka ce mini a zaɓa tsakanin jaki da talaka, nakan ce ai igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

To amma dubi yadda muke riƙonsa. In ka ɗaga akumarin jakunan da ke aiki a garin nan, da yawa za ka tarar da gyambo a gadon baya, ƙuda na bi. Akumarin buhun leda ne aka cusa wa tsumma, ba ya shan gumi, yana gogar fata har ta sale. Maganin da ake yi kuma shi ya fi ciwon muni: a shafa baƙin mai, ko a zuba toka, ko a yi lalas da ƙarfe mai zafi, gobe a sake ɗora kaya a kan wurin. Ga dabaibayin igiyar roba da ke yanka ƙafa, ga dukan da yara ke yi a wuri ɗaya kullum har ya zama miki. Akasarin masu yin haka ba mugaye ba ne. Haka suka taso suka gani, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu cewa ruwan gishiri mai tsabta, da shimfiɗar auduga mai kauri wadda aka bar rami a tsakiyarta don kada ta taɓa ƙashin baya, da hutun 'yan kwanaki, sun wadatar.

Akwai wani abu da likitocin wannan ƙungiya suka daɗe suna nanatawa, ni kuma na gaskata shi da idona. Jaki ba ya nuna ciwo kamar doki. Doki in cikinsa ya murɗa zai yi ta birgima da harbin ƙasa, kowa ya sani. Jaki kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya saki kunnuwa, ya tsaya shiru, ko ya sa baki a dusa yana yi kamar yana ci. Mai shi ya ce taurin kai ne ko lalaci, ya ƙara masa sanda. Kafin a gane ba shi da lafiya, abin ya yi nisa. Na ga haka a ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, lokacin da murar dawaki da jakuna ta ɓarke a jihar nan ta kuma ratsa Nijar da sauran maƙwabta. Wani dattijo mai kawo mana itace ya rasa jakunansa duka biyu a wannan annoba. Daga baya na gan shi da ɗaurin itace a ka, mutumin da ya haifi kamarmu. Har yau abin yana damuna.

Sai babbar magana, wato fata. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani danƙo da ake haɗa maganin gargajiya da kayan gyaran jiki da shi. Jakunansu sun kai miliyan 11 a farkon shekarun 1990, yanzu ba su kai miliyan 2 ba, don haka 'yan kasuwarsu suka juyo Afirka. Ƙungiyar nan ce ta bi diddigin wannan ciniki tana fitar da rahoto, kuma a lissafinta na 2024 ana yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 duk shekara saboda fata. Ka san jaka takan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak. Ba kaza ba ce balle a ce za a cike gurbi cikin wata uku. Mu nan mun ga abin da ido. Ana ɗora su a manyan motoci daga kasuwannin Arewa a yi Kudu da su, tafiyar kwana da kwanaki babu ruwa babu ciyawa, tunda mai sayen fata bai damu da ko dabbar ta isa da rai ba. Kuɗin jaki ya yi tashin da wanda aka sace wa nasa ba ya iya sayen wani. Mutanen gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, da ma ɓarayin daji sun raba su da shanu, jakin ne ya rage wa wasu.

Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Burkina Faso ma ta yi haka a shekarar. A watan Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka jakuna don fata a nahiyar gaba ɗaya. Wannan mataki bai faɗo daga sama ba. Shekaru aka yi ana tara hujja ana bin ofisoshi, kuma wannan ƙungiya da 'yar'uwarta Brooke, wadda ta faro a Alƙahira a 1934 da jinyar tsofaffin dawakin yaƙi, suna cikin waɗanda suka yi tsayin daka. Kuɗin da ka ga tsofaffin Turawa na jefawa a akwati, wani kasonsa nan ya tafi. Saura aiwatarwa, don takarda ba ta tsare iyaka, kuma wanda ya san hanyoyin Illela da Ƙonni ya san mota ba ita kaɗai ke ƙetarewa ba.

Abin da ke mini zafi shi ne, mu ya kamata mu riga kowa. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta a cikin gari. Ilimi akwai, addini ya yi umarni, abin da ya rage shi ne a haɗa su da mai jaki a bakin Kara ko a kasuwar ƙauye, cikin harshen da yake ji, ba tare da an raina shi ba.

Don haka ga roƙona. In ka sake komawa, ka tambaye su littattafansu na kula da jakin aiki, musamman masu zane da ke nuna yadda ake haɗa shimfiɗar baya da gyaran kofato. Na yi magana da wani ɗalibin likitancin dabbobi a unguwarmu, da wani baduku mai ɗinka kayan doki, dukansu sun ce za su sa hannu. Muna so mu mayar da bayanin Hausa, mu gwada ɗinka akumari 'yan kaɗan da buhun algarara da auduga, mu ba masu itacen da muka sani su gwada. Limamin masallacinmu ma ya ce zai taɓo maganar haƙƙin dabbobi a karatun bayan magariba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Kilishin da ka ce, zan ba duk wanda na samu zai taho wajenku. Ka sanar da ni ko za ka zo da babbar salla, don in shaida wa su Baba. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam.

Naka,
Amininka na Sakkwato