Kada ka biyo hanyar nan da damina

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan kowa lafiya, sai ƙafar Hajiya da ta sake tashi, amma da sauƙi.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin a waya kana da dabarar da kake yi mini, ka ce "to Baba, to Baba", kafin in kai ƙarshen magana ka ce layi ba kyau. Takarda kuwa sai ka karanta ta, ko ka karanta da fushi.

Labari ya iso mini, kuma kada ka tsaya binciken wanda ya kawo shi, cewa ka shirya zuwa bikin ƙanwarka a watan Yuli, har ka ce za ka hau motar dare daga Pokhara zuwa Katmandu, babban birnin Nepal, don ka rage kuɗi, ka kama jirgin Doha washegari. Mahaifiyarka ta sani ta ɓoye mini kwana tara. Ban ce mata komai ba, don na san daga inda abin ya samo asali. Kai nake yi wa magana: ban yarda ba.

Ka manta ni ganau ne a kan hanyar nan. Lokacin da na kai ka, ai rani ne, sama tas, duk da haka tafiyar da ba ta wuce kilomita 200 ba, wadda ba ta ma kai nisan Kano zuwa Kaduna ba, ta cinye mana wuni guda cur. A zuwa ban ji tsoro sosai ba, saboda kana gefena kana ta surutu, motar kuma tana manne da jikin dutse. A dawowa ne na gane kurena. Da yake su hannun hagu suke bi, motarmu ce a bakin kogin Trishuli, ni kuma na zauna jikin taga. Bayan mun wuce garin Mugling na leƙa, ban ga gefen kwalta ba, sai ruwa can ƙasa yana tumbatsa a tsakanin duwatsu. Yaron motar yana rataye a ƙofa yana buga jikin mota da tafin hannu, direba na auna tayarsa da wannan bugun in za su gifta babbar mota a kwana. Wata tsohuwa a gabana tana ta ɓare lemo tana ci, ko a jikinta. Ni kuwa babu addu'ar da na iya da ban karanta ba. Shekara talatin ina kan hanya saboda kasuwa, ban taɓa sauka daga mota gwiwata na rawa ba sai ranar.

To wannan rani ke nan. Kai kana maganar Yuli, tsakiyar markarsu.

Kai ne mazaunin garin, amma bari in tuna maka inda kake, don na lura wanda ya daɗe a wuri yakan daina ganinsa. Pokhara kwari ne, bai fi mita 800 da 'yan kai daga doron teku ba, amma daga bakin tafkin Phewa kana hangen dutsen Machapuchare mai tsawon mita 6,993, a bayansa ga dutsen Annapurna da ya haura 8,000. Iskar damina tana tasowa daga tekun Bengal ɗauke da ruwa, ta zo ta ci karo da wannan katanga, ba ta da wurin wucewa, sai ta juye kayanta a kanku. Shi ya sa garinku yake cikin waɗanda suka fi ko'ina samun ruwa a Nepal, fiye da milimita 3,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Mu nan in Kano ta samu 1,000 sai a ce damina ta yi albarka, har gidajen ƙasa su fara zubewa. Kai da kanka ka gaya mini wanki yakan kwana uku bai bushe ba, takalminka ya yi hunhuna a ƙarƙashin gado, matsattsaku kuma ya kama abokinka a ƙafa bai sani ba sai da ya ga jini a safa. Ruwan da ya yi wa takalmi haka, me kake zaton yana yi wa dutsen da aka yanka aka shimfiɗa hanya a cikinsa? Jiƙewa yake yi, ya yi nauyi, wata rana cikin dare ya saki.

Ranar 12 ga Yuli, 2024, kafin gari ya waye, ƙasa ta zaftaro a Simaltal ta tura manyan motocin fasinja biyu cikin Trishuli. Mutum sama da 60 ruwa ya tafi da su, uku kacal suka tsira, da yawa ko gawarsu ba a samu ba. Na san za ka ce wannan hanyar Narayanghat ce, ba taku ba. Kogin ɗaya ne, dutsen ɗaya ne, kuma a Mugling hanyoyin suke haɗuwa. In kana son taku, ga ta: a watan Agustan shekarar, motar wasu Indiyawa da ta taso daga Pokhara za ta Katmandu ta faɗa kogin Marsyangdi a Tanahun, mutum 27 suka mutu.

Gawar da ba a samu ba, Babana. Wannan ne yake hana ni barci. Mutuwa ta Allah ce, ko a kan katifa tana zuwa, kuma na yi imani tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ka san abin da gidan nan ya gani a kan ƙanena. Ka san Hajiya har yau ba ta yarda a taɓa akwatinsa. Wanda aka yi wa wanka aka sallace shi aka kai shi makwancinsa, zuciya tana haƙura. Wanda ruwa ya tafi da shi a ƙasar da ko ofishin jakadancinmu babu, sai an nemi na New Delhi a Indiya, wa zan tambaya? Da wane yare? Ka tuna wahalar da muka sha kafin mu samu biza, tunda mu 'yan Najeriya ba a buga mana a filin jirginsu, dole sai an nema tun daga gida. In wani abu ya faru, kafin in iso an gama komai, ko kuma babu abin da za a gama.

Za ka ce to ka hau jirgi, minti 25 ne. Na yi wannan tunanin. Na kuma tuna 15 ga Janairu, 2023, mako biyu da buɗe sabon filin jirginku, jirgi ya faɗa kwazazzabon kogin Seti da mutum 72, babu wanda ya fita. Duk da haka jirgi ya fi mini motar dare sau dubu. Matsalarsa da damina ita ce gajimare yakan rufe kwarin a soke tashi, kai kuma na san halinka, in aka soke ga tikitin Doha a hannunka, tasha za ka nufa. Tun kana ƙarami ba ka iya jira ba.

Kawunka zai ce ai ni na jefa ka can, kamar yadda ya faɗa a gaban mutane ranar sunan nan. Bai yi ƙarya ba, ni na zaɓa. Shekara biyu kana zaune gida kana jiran gurbin likitanci, ina kallon ka kana ramewa. Na bincika, na ga kwalejin likitanci ta Manipal da ke Pokhara tana nan tun 1994, tana da asibitinta na koyarwa, aljihuna kuma zai iya ɗauka in na sayar da filin bayan gari. Na san da girgizar ƙasar 2015 da ta kashe kusan mutum 9,000, na san gundumar Gorkha inda ta taso ba ta da nisa da ku, na rufe ido na ce Allah na nan. Wannan kasadar ni na ɗauka, kuma don karatu na ɗauke ta. Ban sayar da fili don ka je ka yi caca da ranka saboda shinkafar biki ba. Kuma tunda magana ta zo, hoton nan da ka sa kana shawagi da lema daga tudun Sarangkot, na gani. Wanda ke kukan kuɗin jirgi ya samu na tashi sama kamar shirwa. Ban ce komai ba a lokacin, yanzu na ce.

Ka yi haƙuri, na san zafin da kake ji. Kai da ƙanwarka kun tashi kamar tagwaye, kuma ita ma ta yi kuka da na gaya mata. Na je na samu dangin mijin, sun ce ɗaurin aure ba zai ɗagu ba, amma sun yarda a bar tarewa da walima sai Oktoba. Lokacin ruwa ya ɗauke, sama ta washe, ku ma kuna hutun Dashain, babban bikin ƙasar. Sai ka taho ta jirgi, ka ba da tazarar kwana biyu a Katmandu kafin na Doha, ko da an soke tashin farko. Kuɗin masauki ni zan biya.

Na aika kuɗin wata da ɗan ƙari, ka sayi takalmin ruwa da gidan sauro, don na ji zazzaɓin dengi yana yawo da damina, kai ka fi ni sanin wannan. Naman ɓauna da kuke ci, ka tabbata daga mahautan Musulmi kake saye. Mahaifiyarka ta haɗa maka kuka da daddawa da yaji, suna jiran mai zuwa.

Ranar Juma'a zan kira ka bayan an sauko daga masallaci, wajen biyu da rabi namu, bakwai da kwata ke nan a wurinku. Ka ɗauka, kuma ka tsaya inda layi ke da kyau. Ina so in ji da kunnena ka ce ka fasa.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka