Rahoton Kwamitin Na'urorin Sauti na Zauren Taro

Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan'uwa masu ba da gudunmawa, tambayoyi sun yi yawa a kan kuɗin da aka tara, ganin an sayo mikisa da lasifikoki tun da wuri amma babban aikin bai kammala ba sai yanzu. Har wasu na cewa abin da aka kashe a waya da gyaran wuta ya fi ƙarfin aikin. Rasit na kowane abu yana hannun ma'aji, duk mai son dubawa bismillah.

An sayi mikisa (na'urar haɗa sauti) mai tashoshi 16, amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ɗaya mai ɓangare biyu, manyan lasifikoki huɗu masu om 8 (om ma'auni ne na yadda lasifika ke tare wuta), da makirufo shida. A kan waɗannan ba a samu saɓani ba.

Mikisa tana bayan zaure, amfilifaya tana gefen dandamali, tsakaninsu mita 30. Daga babbar mafitar mikisa, hagu da dama, aka ja kebul biyu masu kan XLR. Wannan kai ƙafa uku gare shi: ta 1 garkuwa ce, wato rigar ƙarfe da ke lulluɓe sauran wayoyin, ta 2 da ta 3 kuma sauti ɗaya suke ɗauka, ɗaya a juye. Duk hayaniyar da ta shiga a hanya takan shiga su biyun daidai wa daida, amfilifaya kuwa bambancinsu kawai take karɓa, sai hayaniyar ta faɗi. Kebul mai jijiya ɗaya, wanda aka ce ya fi araha, yana aiki a mita uku zuwa biyar. A mita 30 sai ya kwaso ƙugin fankoki da fitilu gaba ɗaya. An kuma ajiye ƙarfin sautin mafitar a kan +4 dBu, wato kimanin bolt 1.23, irin ƙarfin da amfilifayar take jira.

Kowane ɓangaren amfilifaya yana jan lasifika biyu. Biyu masu om 8 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa suna komawa om 4, kuma nan ne iyakar da aka rubuta a bayan na'urar. Masu tambayar me ya sa aka bar tsofaffin lasifikoki biyu a sito, amsar ke nan: in aka ƙara ta uku a kowane ɓangare nauyin zai sauka zuwa kusan om 2.7, amfilifaya ta yi zafi ta yanke kanta ana tsakiyar taro. Wayar lasifika mai kaurin murabba'in milimita 2.5 aka sa, da kan Speakon wanda ake murɗawa ya kulle.

Sai babbar asarar. A lokacin gwaji, akwatin wutar mikisa ya ƙone, kuma ba daga haɗin sauti matsalar ta fito ba. Wutar ginin fes uku ce, wato layukan wuta uku, da wayar nutiral ɗaya da wuta ke komawa ta cikinta. Tsakanin kowane fes da nutiral bolt 230 ne, tsakanin fes da fes kuwa 400. Da mai gyaran wuta ya buɗe tsohon allon rarraba wuta, sai ga nutiral ya kwance, sukurinsa ya yi baƙi, robar wayar ta narke ta manne da jikin allon. In nutiral ya saki, wuta ba ta rabuwa daidai: fes mai kaya da yawa ya yi ƙasa, mai kaya kaɗan ya haura can sama. Mikisa tana kan mai kaya kaɗan. Garanti bai shafi irin wannan ba.

An ba da shawarar a kai akwatin a yi masa naɗi, kwamiti bai yarda ba. Akwatin nan ba wuta iri ɗaya yake fitarwa ba. Yana ba da wutar da ke tafiyar da tashoshi ta gefe biyu, ƙari da ragi, sannan ga bolt 48 na makirufo masu buƙatar wuta. In ba a tace wutar da kyau ba za a riƙa jin gurnani a ƙarƙashin kowace magana, in kuma aka juya ƙafa ɗaya a wajen haɗi, tashoshi 16 ɗin ne za su tafi tare. Shi ya sa aka sayo na asali.

Bayan an maye shi sai wani ƙugi ya bayyana, mai kauri, ko an sauke sauti baki ɗaya yana nan. Dalili shi ne mikisa tana shan wuta daga soket ɗin baya, amfilifaya daga na dandamali, kowanne da hanyar da wayar ƙasarsa (wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa) ta bi. Ɗan bambancin da ke tsakani yana tura wuta ta cikin garkuwar kebul, ita ce ake ji. Nan ma an ce a karya ƙafar ƙasa ta filogi, ƙugi zai ɗauke nan take kuma ba a kashe ko sisi ba. Gaskiya ne zai ɗauke. Amma jikin makirufo ƙarfe ne, kuma a haɗe yake da jikin mikisa. Ranar da wayar wuta ta taɓa jikin na'ura, mai riƙe da makirufo shi ne zai zama hanyar ƙasa. Wannan kasadar ba za mu ɗauka da ran kowa ba.

Abin da aka yi shi ne jan layi na musamman daga allon, da birekarsa ta amfiya 16 da na'urar yanke wuta mai jin yoyon miliamfiya 30. Mikisa da amfilifaya yanzu fes ɗaya suke, wayar ƙasa ɗaya, babu fanka ko na'urar sanyaya ɗaki a kansa. An ƙara mai gadin bolt wanda yake yankewa in wuta ta haura ko ta faɗi, ba ya maidowa sai ta daidaita. Mikisa kaɗai aka ɗora a kan UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, irin wadda kullum ita ke sarrafa wutar da take fitarwa. Ƙaramar sitabilaiza ba za ta maye gurbinta ba, domin ba ta da saurin tare tashin wuta, kuma ƙas-ƙas ɗinta yana iya fitowa a lasifika.

Ga masu kula da zaure: a kunna mikisa da farko, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa a fara da amfilifaya. A sauke sauti kafin a danna maɓallin bolt 48 na mikisa.

Muna miƙa godiya ta musamman ga dattijon da ya ɗauki nauyin UPS shi kaɗai kuma ya ce a sakaya sunansa, da iyayenmu mata da suka haɗa kuɗin sabon akwatin wuta tun kafin mu buɗe baki, da mai gyaran wutar da ya ja layin nan bai karɓi ladan hannu ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a.

Akwai sauran aiki. An riga an ja kebul daga AUX 1, wata mafitar mikisa ta daban, har dandamali, an saita shi yadda sauke sautin zaure ba zai shafi mai magana ba, amma babu lasifikar dandamali da amfilifayarta, don haka har yanzu mai jawabi ba ya jin kansa sosai. Mafitar ɗaukar sauti zuwa kwamfuta tana buƙatar ƙaramar tiransifoma mai raba ƙasa, in ba haka ba cajar kwamfuta za ta dawo da ƙugin. Sannan kayan duka a kan teburi suke a buɗe, ƙura na shiga, kowa na taɓawa, muna neman akwatin ƙarfe mai kulle da fanka. Mai niyyar taimakawa ya ga ma'aji, ko da kuɗi ko da kayan.