Wasiƙa zuwa ga Bala kan maganar gida

Ketu, Legas

Aminina Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya Jidda, yaya aiki? Mu nan alhamdu lillahi, damina ta kankama, kasuwa kuma ana taɓawa.

Maganar da na fara yi maka a waya har kati ya ƙare, ita ce na ga gara in zauna in rubuta. Ka san shekara 14 ke nan ina sayar da albasa a kasuwar Mil 12. Abin da na tara, da kuɗin adashen da na kwasa, da rabona na gonar marigayi Baba da muka sayar, sun kai in mallaki abu ɗaya. Biyu ba za su samu ba.

Alhaji, ubangidana a kasuwa, ya ce in sayi fuloti biyu a wajen Ibeju-Lekki in manta da su. Hujjarsa tana da ƙarfi. Tun da aka buɗe matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa a 2023, masu kuɗi suka karkata can, kuma shi da kansa ya sayar da filin da ya saya shekarun baya ya ci riba mai kauri. Ya ce kuɗi a hannu narkewa yake yi, kuma gaskiyarsa: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, siminti da rodi da kwano ba su sake zama wuri ɗaya ba. Yayana kuma daga Aliero ya dage in gina ɗakunan haya a Birnin Kebbi, wai Legas wurin ci-rani ne, mutum ba ya binne dukiyarsa a ƙasar wasu.

Na yi istihara, na kwana biyu ina juyawa, Bala, kuma zuciyata ta tsaya a kan gidan zama. Akwai wani a Ikorodu, ɗaki uku da falo, an rufa kwano amma ba a yi filasta ba.

Sau huɗu muna tashi daga gidan haya. Na ƙarshe, mai gidan ya kusan ninka kuɗin, da na roƙi sassauci sai ga takardar notis. Kowane tashi sai ka biya shekara guda gaba ɗaya, ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga na ajiya saboda ɓarna wanda ban taɓa ganin an mayar mini ba. Dokar haya ta 2011 ta hana a karɓi fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma wanda ruwa ke dukan kayansa a waje ba ya tsayawa karanta doka. Ranar da muka kwashe kaya daga Ojota, 'yata Maryam ta tambayi uwarta ko wannan sabon gidan namu ne ko shi ma na wani ne. Uwar ba ta amsa ba, ta dube ni kawai. Wannan kallon bai bar ni ba har yau.

Kuma ina tunanin mutuwa. In ta Allah ta kasance gobe, fili a cikin daji ba zai ba su wurin kwana ba. Mace da yara huɗu ba za su iya ja da 'yan omo onile ba, wato masu iƙirarin sun gaji ƙasar, waɗanda ke sayar da fili ɗaya ga mutum uku, su kuma dawo karɓar kuɗi ranar aza harsashi da ranar rufi. Filin nesa sai mai ido a kansa, ni kuwa daga asuba ina kasuwa.

Maganar Yaya ce ta fi yi mini nauyi. Na tuna rikicin Mil 12 na watan Maris 2016, da aka rufe kasuwa muka zauna cikin fargaba. Amma yarana a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa, makarantarsu da islamiyyarsu duk a nan. Hausawan Agege sun yi jikoki da tattaɓa-kunne a garin nan cikin gidajensu na kansu.

Ban biya ba tukuna. Lauya zai je ofishin filaye na gwamnatin jiha a Alausa ya bincika takardar mallaka da ta safiyo, a tabbatar filin ba na gwamnati ba ne. Ni kuma da gangan na je ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, don ka san yadda Owode da Ajegunle ke cika idan aka saki ruwan madatsar Oyan. Unguwar a kan tudu take, kuma motar BRT tana kawo ni har Mil 12. Akwai ɗan fili a gaba da zan iya fitar da shago biyu nan gaba.

Abin da ya rage na filasta da wayar wuta ne, kuma ba na son bashi mai kuɗin ruwa. In akwai hali ka ranta mini zuwa bayan kakar albasa, za mu rubuta da shaidu. In babu, wallahi ba komai. Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci, ina son jin ra'ayinka ko da ya saɓa da nawa. Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami.

Naka,
Usman