Buroshin aski: kira ga wanzamanmu na Makka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya, musamman masu sana'ar aski, da kuma alhazan da ke zuwa kowace shekara, game da wani ƙaramin kayan aiki da ba a cika kula da shi ba, wato buroshin da ake tayar da kumfar sabulu da shi kafin a ɗora reza. A Makka aski ya wuce kwalliya, domin da shi mai Umra yake fita daga harami bayan ya gama sa'ayi a Marwa, haka kuma alhaji yana yinsa ranar 10 ga Zulhajji bayan jifa. Abin da za a goga a kan mutum a irin wannan lokaci ya cancanci a san asalinsa.

Buroshin da ake ji da shi a ƙasashen Turai shi ne wanda ake yi da gashin wata dabbar daji dangin dage, kuma yawancin gashin daga ƙasar Sin ake samo shi. Yana da laushi, yana riƙe ruwa da ɗumi, shi ya sa mutanen ƙasashen sanyi suke biyan kuɗi masu yawa a kansa. Akwai na gashin doki. Sai kuma mai araha, wanda ake yi da gashin alade: yana da tauri idan sabo ne, sai an jiƙa shi na 'yan mintoci kafin aiki, kuma ba ya laushi sai ya sha amfani bakin gashin ya tsattsage. Da yawa daga cikinmu muna sayen buroshi ba tare da mun karanta kwalinsa ba, alhali idan an rubuta "boar" ko "pure bristle" a jiki, to galibi gashin alade ake nufi.

Ba na so in tsananta abin da malamai suka sassauta. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya mun san cewa Shehu Halil ya faɗa a cikin Muhtasar cewa gashi mai tsarki ne ko da na alade ne, da sharaɗin yanke shi aka yi. Amma mai saye a kanti ba shi da hanyar tantance ko yankewa aka yi ko tugewa, kuma wanzamin Makka ba Malikawa kaɗai yake yi wa aski ba. Mutanen ƙasar nan galibinsu Hambalawa ne, alhazan Indunusiya da Malesiya da Somaliya kuwa Shafi'awa ne, kuma a wurin waɗannan mazhabobi gashin alade najasa ne. Shafi'awa ma suna ɗaukar gashin mushe a matsayin najasa, don haka ko buroshin nan mai tsada bai kuɓuta daga saɓani ba. Mutumin da ya sayar da gonarsa ya zo sauke farali, ya sunkuyar da kai gaban wanzami yana salati, amana ya bayar, kuma bai dace a shafa masa jiƙaƙƙen gashin da malaminsa ya ce najasa ne ba tare da saninsa ba.

Ta fuskar lafiya ma akwai abin dubawa. Hukumomin lafiya na ƙasar nan suna ta jaddada wa alhazai su je wurin masu aski masu lasisi, kuma a yi amfani da reza sau ɗaya a jefar, saboda gudun ciwon hanta da cutar ƙanjamau. Wannan daidai ne, sai dai reza ake canzawa, buroshi kuwa shi ke nan ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagunan da ke kusa da Marwa a cikin azumi ya ga yadda ake yi: ana kakkaɓe buroshin a cikin kofin ruwa, wani ya tashi wani ya zauna, gindin gashin cunkushe da tsohuwar kumfa da guntayen suma. Gashin dabba yana shan ruwa, yana jimawa bai bushe ba, a gari mai laima irin Jidda har wari yake yi, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta yana saurin lalata shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da Amurka sun kamu da cutar saifa ta dabbobi (anthrax) a fuska da wuya ta dalilin buroshin gashin doki da ba a tsabtace ba kafin a sayar. Yanzu masana'antu suna tsabtace gashin, amma labarin ya nuna cewa buroshi yana iya ɗaukar cuta ya kai ta ga fatar da reza ta ɗan ƙwarzana.

Saboda haka nake ganin na nailan ya fi dacewa da mu. Tsofaffin masu aski sukan ce yana da kaushi, kuma da can gaskiyarsu ce, domin na farko-farko bai fi na goge haƙori laushi ba. Na yanzu kuwa ana sirantar da bakin zaren har ya yi taushi a fata, ba ya buƙatar jiƙawa, ba ya cin sabulu da yawa, yana bushewa da wuri, kuma yana jure wanki da maganin tsabtacewa. Abin da kawai ya gaza a kai shi ne riƙe ɗumi, wanda ba wanda yake nema a zafin Makka.

Ina kira ga masu shaguna a Shara Mansur da Misfala da sauran unguwanninmu su tanadi na nailan fiye da guda ɗaya, ta yadda za a wanke wani a shanya yayin da ake aiki da wani. Wanzamin da ya saba shafa ruwa da sabulu da hannu irin na gida, ya ci gaba da abinsa, ya dai riƙa wanke hannu ko canza safar hannu tsakanin mutum da mutum. Malaman da ke yi wa maniyyata bita a Nijeriya da Nijar da Sudan kuma su sanya wannan batu cikin bayanin aski, domin alhaji ya san yana da damar tambayar irin buroshin da za a sa masa, ko ma ya zo da nasa a cikin jaka.

Wassalam.

Mai karatunka,
daga birnin Makka.