A tambayi uwar abin da ɗanta ke ji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk ran da aka taso da maganar mata masu shan kodin da tiramol, kame da tsinuwa kawai muke ji. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gusau, ina roƙon fili in yi magana kan jariran da ke goye a bayansu.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna cikin mutum 4 masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, amma har yau kwalbar tana shiga ɗakunan matan aure.

Kwanaki wata yarinya ta kawo ɗanta rigakafi. 'Yan bindiga sun kashe mijinta, ta gudo gari, da sirof mai kodin take samun barci. Yaron yana tsala kuka, ita kuwa ta kau da kai ta ce, "Anti, da gangan yake yi min, ya tsane ni." Ɗan wata shida fa! Ban yi mata faɗa ba. Na ce, "Ƙanwata, ke me kike ji in ya fara?" Ta ce kamar kanta zai tsage. Sai da ta huce na ce, "To shi fa, me kike ganin yake ji?" Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ƙila tsoro. Tun jiya ban dubi fuskarsa ba." Ta ɗauke shi ta rungume.

Ba rashin ƙauna ba ne. Ƙwaya tana mamaye sashen ƙwaƙwalwar da ke sa uwa jin daɗin murmushin ɗanta, sai kukansa ya zame mata azaba, azabar ta maida ta ga kwalba. A Jami'ar Yale ta Amurka, Nancy Suchman ta yi aiki da iyaye mata masu jinyar shaye-shaye. Sai ta fara taimaka wa uwa ta gane abin da ke zuciyarta kafin a zo kan na ɗan, kuma an ga kulawarsu da 'ya'yan ta ƙaru.

Mu kuwa da an gano uwa tana shan ƙwaya, sai uwar miji ta ƙwace yaro, a kora uwar gidansu da gori. Na yarda akwai lokacin da dole a raba su don tsira da ran yaro. Amma wadda aka kunyata ba ta ƙara zuwa awo, balle ta nemi magani. Ina roƙon malamai da kakanni da abokan aikina mu riƙa yin tambayar nan kafin faɗa, cibiyoyin jinya na NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma su tuna yawancin matan nan suna da goyo.

Yarinyar ba ta gama rabuwa da sirof ba tukuna. Amma da ta dawo allura ta gaba yaron ya yi kuka, kafin in buɗe baki ta ce, "Zafi yake ji," ta cire masa hula.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Gusau, Jihar Zamfara